Turbon da Ya Sa Na Yi Noman Gyaɗa

Ko shekara nawa Allah Ya ara mini a duniya, ranar da na shiga gonar surukina da mota ba za ta fita daga kaina ba. Yanzu ina ba da labarin ina dariya, amma a ranar kam ko murmushi bai zo kusa da ni ba.

Ni dillalin shanu ne, ɗan Lamorde, a kasuwar shanun Mubi na buɗe ido. In ka tsayar mini da sa, kafin ka gama sallama na faɗa maka shekarunsa da abin da ya ci jiya. Wannan sanin ne ya ruɗe ni, na ɗauka duk abin da ake saye a duniya haka ake zaɓensa. A lokacin ina da wata baƙar mota ƙirar Jamus, gajera, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Tana da turbo, wato wani ƙarfe mai kamar dodon koɗi, da fanka a ciki. Hayaƙin inji ke juya fankar, ita kuma ta ɗura wa injin iska, sai mota ta ƙara ƙarfi. Duk Lahadi da yamma mukan fita bayan gari da abokaina mu gwada gudu, kuma ban cika zuwa na biyu ba. Sai turbon ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi. Maimakon in damu, daɗi na ji, don na samu dalilin sa wanda ya fi shi.

Bakanikena Babarbare ne, iyayensa daga Borno suka zo. Ni kuma Bafulatani, kun san abin da ke tsakaninmu: kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Tare muka je shagon mai kayan Beljiyam, wato kayan mota na hannu, ya shimfiɗa buhu ya jera mana turbo uku. Ɗaya daidai da nawa, ɗaya ya ɗan ɗara shi, na ukun kuwa ƙato ne, sai da hannu biyu ake ɗaga shi. Na tsuguna na ɗaga kowanne na ji nauyinsa, na buga gefensa da tafin hannu, na leƙa bakinsa ina duba haƙoran fankar. Mai shago ya kalle ni sau ɗaya ya gane wa Allah Ya kawo masa. Ya ce, "Alhaji ya san kaya." Ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba a lokacin, amma na amsa sunan.

Bakaniken ya ce, "Fulata, ajiye wannan. Daga babban motan dizal aka cire shi. Injin naka ƙarami ne, numfashinshi ba zai juya wannan fanka ba sai ka taka har ƙasa. In kana tafiya a hankali, mota zai yi sanyi kaman ba shi da rai. In ya tashi kuma zai tashi gaba ɗaya, ba sallama. Ɗauki na tsakiya, shi ne daidai da kai."

Na ce, "Bawana, tun yaushe bawa ke zaɓa wa ubangidansa kaya? Ka taɓa ganin an je kasuwa an bar bajimi an ɗauki maraƙi?"

Ya ce, "To. Kai ne mai shanu."

Kwana uku shi da mai walda suna yanka suna liƙi kafin ƙaton ya zauna. Ya gaya mini aikin bai ƙare ba, sai an canza nozul masu fesa wa inji mai, an kuma jira wani mai kwamfuta daga Yola ya daidaita ƙwaƙwalwar motar. Na ce ya jira shi, ni ina da wurin zuwa. Da na hau kwalta na taka, motar ta yi wani fito mai tsawo, bayana ya manne da kujera. Wallahi a ranar ji na yi duk Mubi babu mai wayona.

To, a daidai lokacin ina neman aure. Yarinyar tana sona, mahaifiyarta ba ta da matsala, tsohon nata ne ya tsaya. Asalinsu daga wajen Katsina ne, kuma ya yi ƙuruciyarsa duka yana tuƙa tirelar shanu daga Mubi zuwa kudu, ana cewa ko akuya bai taɓa bugewa ba. An riga an kai masa labarin cewa ni ɗan wasan mota ne. Ya ce wa kawunnaina su dawo ranar Juma'a su ji amsa. Ranar Alhamis da safe sai ga wayar yarinyar. Ta ce akori-kurar Baba ta ƙi tashi, yana son zuwa gonarsa a Kolere, ita kuma ta ce masa ni zan kai shi. Ta ce, "Don Allah ka tafi da shi a hankali. Wannan ce damarka."

Na sa babbar riga kamar mai zuwa Idi. Tsohon ya shigo da ƙyar saboda gajartar motar, ya yi bismilla, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Da na tayar, ya karkata kunne ya ɗan saurara. Damina ce, hanyar duk rami da taɓo, ni kuma ina lallaɓa motar ina gaishe da kowa ta taga don ya ga ina da ladabi. Nan maganar Babarbare ta fara fitowa fili. Motar nan da ke tashi sama a kwalta ta koma tana ja da ciki. In taka kaɗan, ta yi gurnani ta tsaya tunani.

Muka iso wani ƙaramin mayo, wato rafi, ruwan bai kai idon sawu ba. Muka tsallake lafiya, saura hawan gangaren da ke ɗaya gefen. Gonar tsohon tana nan sama, hannun dama, gyaɗa ta yi kore shar a bayan shingen kara. Motar ta kama hawa kamar ana roƙonta. Wani ɗan acaɓa da buhun taki biyu ya wuce mu, har ya saki hannu ɗaya ya ce, "Sannunku da ƙoƙari!" Bayansa wata mata da tulu a ka ta zo ta jera da tagata, tana tafiya muna tafiya.

Tsohon ya yi gyaran murya ya ce, "Yaro, wannan ce motar da ake ta ba ni labari a masallaci?"

Na ce, "Ita ce, Baba."

Ya ce, "Ashe ƙarya mutane ke yi maka. Ni da aka ce mini tashi take yi. Taka mana mu gani, ko babu komai a cikin nata?"

Da ina da hankali, da na yi dariya na ce Baba ai mun kusa. Amma matar nan mai tulu ta ji, ta kuma rufe baki da gefen mayafi. Na mayar da giya ɗaya, na taka totur har ƙasa. Na ɗan lokaci babu abin da ya faru, har na fara jin kunya. Sai fiton nan ya taso. Tayoyin baya suka kwashi taɓo suka watsa, gindin motar ya juya hagu, hancinta ya kalli dama, sitiyarin ya zama ado a hannuna. Muka ratsa shingen kara, muka bi ta kan kunyoyin gyaɗa muna tsalle, ni ina salati, karare na bugun gilashi. Sai da muka kai tsakiyar gonar cikin motar ya zauna a kan wata kunya, injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Na juya a tsorace. Tsohon yana zaune yadda yake, hularsa kawai ta gangaro kan hancinsa. Ya gyara ta, ya buɗe ƙofa, ya fita ya tsaya yana kallon hanyar da muka share masa a cikin gyaɗa. Na fito na durƙusa a cikin taɓo da babbar rigata. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma kai ka ce in taka."

Ya ce, "Ni na ce. Tun a ƙofar gida na ji kukan abin da ka sa mata, na san ba nata ba ne. So nake in ga ko kai ke tuƙa motar, ko bakin mutane. 'Yata zan ba ka, yaro. Gobe wani zai zuga ka a kanta."

Ban taɓa jin magana ta shige ni kamar wannan ba. Shanun huɗa aka kawo suka jawo motar, rabin mutanen ƙauyen suna kallo. Mai shanun ma ni na yi masa dillancinsu, ya kuwa tabbatar kowa ya sani.

Ranar Juma'a kawunnaina suka je suka dawo da amsa. Bai ce a'a ba, bai ce e ba. Ya ce ba ya son ko sisina a kan ɓarnar. In gyara shingen, in tayar da kunyoyin, in sake shuka, in yi noma har a cire gyaɗar, duk da hannuna, ba ɗan ƙwadago. In ya ga buhu a ƙofar gidansa, a zo a yi maganar aure. Ni da ban taɓa riƙe fartanya ba, haka na yi wata huɗu ina zuwa Kolere a bayan acaɓa, hannuna ya yi kanta, abokan tserena suna aiko mini da gaisuwar manoma. Babarbare kuwa ya cire ƙaton ya sa na tsakiyan, duk wanda ya shigo garejin kuma sai ya nuna masa ni.

Bayan kaka aka ɗaura auren. Abin da na koya bai da yawa, amma da gumi na saye shi: in mai sana'a ya ce maka ga daidai da kai, ka karɓa ka yi godiya. In kuma aka ce maka taka mu gani, ka fara duba wa ke zaune a gefenka, da abin da za ka rasa in an gani ɗin.