Dutsen Tsibiri a Idon Ƙanwata

Duk sanda ruwa ya jiƙa bulon gidajen unguwarmu ta Lozells, warin but ɗin motar Baba nake ji, warin jiƙaƙƙen dutse da tsatsa. Ban yi nisa a boko ba, kada ka sa ran bayanin masana. Abin da na gani zan gaya maka, har da wanda ba na son faɗa.

Baba masanin duwatsu ne. Wani kamfani ya ɗauke shi neman tagulla a wani tsibiri da ke gaɓar Wales. Sau ɗaya ya kai ni. Ruwan kududdufan wurin ja ne kamar zoɓo, ba ciyawa a bakinsu, ba tsuntsu. Inji na huda ƙasa yana zaro dutse dogo kamar rake. Ranar Juma'a Baba kan dawo da gutsattsarinsa a akwati, ya tura ƙarƙashin bene, ya ce kada wanda ya taɓa.

A hunturun da aka haifi ƙanwata, Kaka, mahaifiyar Umma, ta zo daga Kano jego. Wata safiya ta gan ni ina wasa da wani gutsure mai nauyi, ruwan toka, yana ƙyalli.

"Kai ja'iri, miƙo nan. Wannan ai kwalli ne! Ubanka na zaune kan arziki bai sani ba."

Ni na riƙe mata ɗan turmi ta niƙa shi lilis. Kullum bayan wanka sai ta rangaɗa wa jaririya. Matan da ke zuwa barka daga unguwar Sparkhill suka yi ta yaba idon. Ita kuwa yarinya takan murza ido, ta kai hannu baki.

Kafin sanyi ya wuce ta fara ƙin nono, ciki ya ƙulle, kuka ba dare ba rana. Kaka ta ce bakin mutane ne, ta ƙara kwallin. GP, likitan unguwarmu, ya sa aka ɗebi jini, aka ce dalma ce a jikinta. Mutanen council, wato ƙaramar hukuma, suka zo suka kankare fenti, suka gwada ruwan famfo, ba su ga komai ba.

Baba ya jawo akwatinsa ya daɗe yana dubawa, ya tambaye ni ko na taɓa. Na ce a'a. Bulala nake tsoro. Aka ƙara makonni ana sa mata kwallin, ina tsaye ina kallo.

Wata Asabar Baba ya ɗauke ta, ya ƙura wa idonta ido, ya shafo da yatsa, ya duba da ɗan gilashin da yake ratayawa a wuya. Ya gane dutsensa ne. Ba ya iya ɗaga wa surukarsa murya, sai ya durƙusa yana kallon ƙasa.

"Hajiya, dutsen nan ba ya son yara."

Kaka ba ta sake sa kwalli ba har ta rasu.

Yanzu masu jego a nan sai sun tambayi likita kafin su shafa wa jariri ko da mai ne. Ƙanwata ta girma, a gidana take, karatu bai zauna mata ba. Likitoci sun ce ba wanda zai iya cewa ga yawan illar da makonnin nan suka yi mata. Jiya tana kallon 'yata na homework ta ce, "Yaya, ni me ya sa ba na ganewa?"

Na ce mata haka Allah ya so. Sannan na tashi na rufe kaina a ɗaki.