Ƙwayoyin da Surukata Ta Ƙwace

Cikina na fari a ƙafa ya sauka mini. Wasu matan amai ke wahalar da su, wasu kwaɗayi, ni kuwa da cikin ya fara tsufa sai ƙafafuna suka ƙi zama wuri ɗaya. In na zauna, sai in ji kamar kiyashi na yawo a cikin ƙashina, dole in miƙe. In na gaji da tsayuwa na kishingiɗa, sai sharaɓata ta ɗaure tamau, babban yatsa ya lanƙwashe, in ciji gefen zani har ta ga dama ta sake ni. Barci ya zama na rabi da rabi. Fatar idona ta hagu ma ta shiga rawa ba gaira ba dalili.

A Gashuwa nake aure, gidan iyayena kuwa yana Nguru. Maigidana fataucin busasshen kifi yake yi, yau yana Dagona gobe ya yi kudu da kaya, don haka yawanci daga ni sai mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Doguwar tsohuwa ce marar yawan magana. Tana kallona ina zagaye tsakar gida da rana tsaka kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, daga bakin rijiya zuwa gindin bishiyar maina in dawo. Ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Cikin fari ne, ba a buɗe baki a yi zancensa gaban uwar miji, ko da ya kai inda zani ba ya iya rufa masa asiri. Ranar da ta lura da idona, abin da ta ce kawai shi ne, "Baƙo za ki gani."

A wurin awo na amayar da komai ga malamar asibiti, wata 'yar Filato da ta daɗe a garin har tana gaisawa da Badanci, yaren 'yan ƙasar. Ta tambaye ni abin da nake ci. Na gaya mata gaskiya, tun shigar cikin farar shinkafa da mai da yaji kaɗai ke zama mini, ko ƙamshin wake na ji sai zuciyata ta tashi. Ta ce akwai wani sinadari da ake kira magniziyam, jiki na samunsa a wake da gyaɗa da riɗi da ganye, mai ciki ta fi kowa buƙatarsa, in ya yi ƙaranci jijiya kan riƙa ɗaurewa. Aka auna jinina, aka duba fitsari, likita ya rubuta mini ƙwayoyi cikin 'yar farar roba.

Ban kai ga ganin amfaninsu ba. Washegari Inna ta shigo ɗakina neman ashana, idonta ya faɗa kan robar a bakin taga. Ta ɗauka, ta jijjiga ta kusa da kunne, ta ƙulle a haɓar zaninta.

"A gidan nan ba a haɗiyar ƙwaya muddin mutum na tsaye da ƙafarsa," ta ce, ta fita.

Wanda bai zauna a Gashuwa ba ba zai gane wannan magana ba. Ciwon ƙoda ya shiga gidaje da yawa a garin. Shi ya ɗauke mijin Inna, ya dawo ya ɗauke babbar 'yarta bayan an sha zirga-zirgar wankin ƙoda. Wasu ruwa suke zargi, wasu maganin feshin gona, wasu ƙwayoyin da ake saye a kemis. Inna ƙwaya ta kama da laifi, ko ciwon kai take yi sai dai ta ɗaure goshi da ɗankwali.

Na san duk wannan, amma haushi bai bar ni na tausaya mata ba. Na kira maigidan a waya, ya ce in yi haƙuri, wanda shi ne maganin da maza suka fi iya rubutawa. Na yi tunanin sayo wata robar a ɓoye, sai na tuna mai kemis ɗin layinmu ɗan ƙaninta ne, kafin in iso gida labari ya riga ni. Na tilasta wa kaina wake, ya dawo ta inda ya shiga. Na ci gaba da sintiri a tsakar gida, ina ƙiyasta ranar da za a kai ni Nguru goyon ciki, a raina kuwa ba sunan da ban kira tsohuwar nan da shi ba.

Da ranar ta zo, ita ce ta rako ni kamar yadda aka saba. Aka cusa mu a bayan mota, kwandon kifin tsaraba a ƙarƙashin ƙafata, babu wurin miƙewa. Tun daga tasha ƙafafun ke motsi, ina ta neman afuwar matar da ke gefena. Mun wuce Jajimaji kaɗan sharaɓar ta kama, kamun da ba ta taɓa yi mini irinsa ba. Na kurma ihu. Kunyar da na yi watanni ina riƙo ta kuɓuce, na juya na dube ta a gaban fasinjoji.

"Inna, kin ƙwace mini magani, ga shi nan ni da cikin muna shan azaba."

Direba ya gangara gefen titi. Inna ta fitar da ni, ta zaunar da ni a inuwar wata aduwa, ta durƙusa da tsofaffin gwiwoyinta, ta tura yatsun ƙafata sama tana murza sharaɓar har ta saki. Ina ta kuka, rabi na zafi rabi na abin da bakina ya furta.

Sai ta kwance haɓar zaninta ta ɗora mini robar a tafin hannu. Na ji ba ta da nauyin da na sani. Na buɗe, saura 'yan kaɗan a ƙasa.

"Tun ranar nake shan ɗaya kullum," ta ce, ba ta dube ni ba. "Da safe in danna ƙafata in ga ko ta kumbura, in duba fitsarina. Ban ga komai ba. Da niyyata sai mun isa in damƙa wa mahaifiyarki."

Matar da ko ciwon kai ba ta sha wa magani. Na rasa inda zan sa fuskata.

"Inna, da maganin ya taɓa miki ƙoda fa?"

Ta miƙe da ƙyar, tana karkaɗe yashi daga gwiwarta.

"Tawa ƙodar ta gama aikinta, 'yar nan. Taki mutum biyu take ɗauke da su."