Abin da Aka Gaya Mini a Wurin Awo

Ina da cikin ɗana na biyu aka gaya mini, a wurin awo a Kaura Namoda. Ma'aikaciyar jinya ta rufe ƙofa, ta ce jinina ya nuna ƙanjamau. Wallahi dariya na yi. Na ce ta sake dubawa, ƙila jinin wata ne.

Mijina ɗan kabu-kabu ne. Da 'yan bindiga suka addabi hanya, masu mota suka rage zuwa Shinkafi da Zurmi, sai 'yan babur suka ɗauki kasadar. Yakan yi sawu kan sawu, ba ci ba barci. Na ga ya rame, yana cizon haƙora, yana surutu ba ƙaƙƙautawa, ga riga mai dogon hannu ko a tsakiyar bazara. Na ɗauka fargabar hanya ce. Har kunun gyaɗa nake dama masa don ya murmure.

Da na dawo daga asibiti na tarar da shi a ƙofar zaure yana wanke babur. Na ja shi ciki, na naɗe hannun rigarsa. Jijiyar duk tabon allura, baƙi-baƙi, wani ma da ruwa.

Na ce, "Minene wanga?"

Ya janye hannunsa. Can ya ce ƙanƙara suke kiranta, ƙwaya ce mai hana barci da tsoro. Da farko shi da abokansa hayaƙinta suke zuƙa, daga baya suka koma narka ta suna tsirawa a jijiya, a wani kango bayan tasha.

"Mai kemis ba ya sai muna da sirinji, korarmu yake. In mun samu guda, ita ka zagayawa."

"Ka san ana ɗaukar ciwo ta nan?"

"Ana hwaɗi."

Ana faɗi! Ashe ya sani. Ya sani, yake dawowa ɗakina.

Da uwarsa ta ji, ni ta nuna da yatsa. "Ɗana bai san bin mata ba. Ke 'yar nan, ki binciki kanki."

Na juya gare shi na ce ya gaya wa Inna gaskiya. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Na fizgo hannun na nuna mata. Ta kalla, ta kau da kai, ta ce allurar zazzaɓi ce.

Na kwashe kayana da 'yata ta fari na koma gidan yayana. Na riƙe magani yadda aka ce, na haihu, aka yi ta gwada yaron har aka tabbatar bai ɗauka ba. 'Yar ma lafiyarta lau. Matan abokan tsirawarsa kuwa na bi su gida gida, na ce su je a duba su. Wata ta zage ni tas, wata ta bi ni muka je tare.

Shi bai yarda ya je ba sai da tari da gudawa suka kwantar da shi, lokacin jiki ya riga ya ƙare. A zaman makoki aka ce taifot ne. Wata gwaggonsa ta matso kusa da ni ta ce, "Ki yahe mishi, ya riga mu gidan gaskiya."

Na ce Allah Ya jiƙansa, Shi ne mai rahama. Tawa yafiyar kuwa ban bayar ba, kuma har yau ban bayar ba.