Kaza Mai Kunya

Ƙarshen damina ne, gasasshiyar masara ta cika bakin titi, shekarar kuma ta zo mana da sauƙi. Abu ɗaya ne ya dame ni: autata ta daina fita tsakar gida. Wani jan zakaranmu ne ya sare ta a ƙauri, tun daga nan ko banɗaki sai na goya ta. Mun yanka shi, na rabu da sauran kajin, duk da haka ko kukan kazar maƙwabta ta ji sai ta ƙanƙame ni.

Ni kuwa ban iya zama babu kaji ba. Maigidan ya ce a sayo na gidan gona masu saurin girma. Na ce masa a hankali waɗannan ba sa kwanci. Ni ina son wadda za ta ba mu ƙwai, ta ƙyanƙyashe, in baƙo ya sauka kuma a samu na tukunya.

Wata ƙawata 'yar kudancin Kaduna, da muka yi ajin yaƙi da jahilci tare, ita ta ce in zo gidanta a Mahuta. Kajin Fulani take kiwo, irin da ta taho da shi daga ƙauyensu. Na goya auta muka hau keke mai ƙafa uku.

Ina shiga na nuna wata doguwar kaza mai sheƙi. Ƙawar tawa ta yi dariya.

"Maman yara, atamfa kika zo zaɓa? Zauna."

Ta zuba mini tsaki a tafin hannu, ta ce kada in motsa. Doguwar ta zo ta fizga har da fatata. Wata mai faɗin ƙirji kuwa sai da ta gama kallona, sannan ta dinga tsinta ɗaya-ɗaya kamar mai tsince shinkafa. Na ji hannun auta ya sassauta a wuyana.

"Umma, wannan kunya gare ta," ta raɗa mini.

Ita muka ɗauko, da 'yar'uwarta. Zakara na ce sai gaba. A gida na ɗaure musu ƙafa da ƙyalle a gindin gwaiba, yadda ake yi wa baƙuwar kaza har ta san gida. Auta ta wuni a taga tana mita wai ƙyallen ya matse mai kunya.

Washegari na zuba tsaki a ɗan kwanon auta, na ajiye a ƙofar ɗaki, na ɗauki tsintsiya na juya baya. Da na ji ƙarar silifas ɗinta ta nufi gindin gwaiba, sai na ci gaba da sharata.