Ranar da Kawu Gado Ya Rataye Kekena

Duk wanda ya san Kawu Gado, ƙanen Inna, ya san bai taɓa yi wa kowa alkawarin gobe ba. Ka ce, "Kawu, bana za a kama kifi?" sai ya ce, "Mu dai taka tudu." Za a kai amarya Wara, mu dai taka tudu. Ko a mota za ka yi tafiya, amsar ke nan. A jirgin kamun kifi ya tsufa, bai yarda an iso ba sai ƙafa ta sauka.

Lokacin muna Jihar Sakkwato, ma'aikatan wasanni suka kawo wata gasa Yelwa: a ƙetare gulbi da iyo, a hau keke a yi hanyar Shanga a dawo, a ƙarasa da gudu. Na shiga, tun ba a fara ba gari ya gama ba ni na ɗaya. Abin da ba su sani ba, tun da ruwan nan ya ci Babanmu, in na doshi tsakiya sai ƙirjina ya ɗaure. A gefe-gefe nake duk iyona.

Da gasa ta matso, tsoro ya sa na ninka atisaye, abinci ma ya daina shiga. Wata safiya na fito babu keke. Na ɗaga kai, ga shi can a reshen mangwaro yana lilo!

"Kawu, wa ya yi wanga aiki?"

"Ni. Ya gaji."

"Keken ne ya gaji?"

"Shi ba shi da baki, kai ba ka da hankali, dole wani ya yi magana."

Ya zaunar da ni ɗinkin taru, ni da gari ke jira! Ina cikin ɗinki wani abokina ya shigo yana ihu, "Garba, babu mai kamo ka!" Kawu bai ko ɗago ba ya ce, "Kai za ka shiga ruwan?" Ya ce a'a. "To ɗauke bakinka daga wuyanai, nauyi gare shi."

Ana jibi gasa ya ɗauke ni a jirgi har tsakiyar gulbi, ya aje filafili.

"Sauka ka kwanta rigingine. Kada ka yi komi, dubi sama."

"Kawu, nan ne fa Baba..."

"Na sani. Ni na tsamo shi. Ya fi ka ƙarfi nesa, kokawa ya yi da ruwa. Kai kwanta."

Na kwanta ina kuka, ruwa ya riƙe ni. Bai bar ni na hau ba sai da numfashina ya daidaita.

Ranar gasa, ina kaiwa tsakiya abin ya zo mini. Hannu ya mutu, numfashi ya tsaya. Na juya na kwanta rigingine, kowa ya wuce ni. A bakin gaɓa mutane suka ɗauki salati, Inna ta zube. Ita ta ba ni labari daga baya, wai Kawu ya ce mata, "Tashi, hutawa yakai." Amma ta ce ƙafarsa ɗaya tana cikin jirgi, ya riga ya kwance igiya, filafili a hannunsa.

Na ƙetare. Na yi keken, na yi gudun, na iso masu kallo sun fara watsewa. Masu kirarina ko ɗaya ban gani ba. Kawu kaɗai na tarar, da Inna a bayansa.

"Ka taka tudu?"

"Na taka, Kawu."

"To, je ka maida keken nan sama." Ya juya da sauri yana goge ido, wai ƙasa ce ta shiga.

Wallahi ina kewar tsohon nan. Da ya kwanta ciwon ajali, abin ya yi tsanani, na riƙe hannunsa na ce zai tashi, ya harare ni da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Allah ya jiƙan Kawu Gado, ya yafe masa, ya sauke shi lafiya. Kawu, Allah ya sa ka taka tudu.