Hannun Akawu da Wasiƙunsa Ashirin da Bakwai

Haihuwa da asali

An haifi marigayin, wanda duk gari aka fi sani da Akawu, a watan Agusta na shekarar 1957, a unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta garin da ya zauna a cikinsa har ƙarshen kwanansa. Mahaifinsa ma'aikacin tashar ne mai ɗaga wa jirgi tuta, mahaifiyarsa kuwa ɗinki take yi a gida da keken ƙafa. Shi ne na uku cikin 'ya'ya shida, kuma shi kaɗai ya gado halin mahaifinsa na kiyaye lokaci da ajiye kowane abu a mazauninsa. 'Yan'uwansa sun sha tsokanarsa a kan haka, domin ko takardar alewa ya ɓare sai ya linke ta ya adana, kamar wata rana za a tambaye shi ita.

Karatu

An sa shi makarantar firamare a shekarar 1964. Ba a taɓa jin ya zo na ɗaya ba, ba a kuma taɓa jin ya makara ba. Abin da malamansa suka fi yabawa shi ne rubutun hannunsa, wanda kyansa ya kai har shugaban makaranta kan aika a kira shi ya rubuta sunayen ɗalibai a takardun shaidar kammala karatu. Wannan rubutu ne ya jawo masa laƙabin Akawu tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya, laƙabin kuma ya bi shi har ya danne sunansa na ainihi. A shekarar 1971 ya wuce makarantar koyon aikin ofis, inda ya ƙware a bugun tafireta da tsara wasiƙa da adana fayil, ya fito da sakamako mai kyau a 1975.

Aiki

A watan Janairu na 1976 ya kama aiki a hukumar ruwa ta garin, a sashen karɓar wasiƙu. Ɗaki ne ƙarami a ƙarshen baranda, mai taga ɗaya da kabad uku na ƙarfe da tebur guda, kuma a nan ya shafe shekara talatin da uku. Duk takardar da ta shigo sai ya buga mata hatimi, ya sa mata kwanan wata da lamba, ya shigar da ita rajista, sa'annan cikin mako ya aika wa mai ita amsa cewa an karɓi takardarsa kuma ana duba lamarin.

Kowane ofishi yana rubuta irin wannan amsa. Bambancin Akawu da sauran shi ne, idan ya rubuta ana dubawa, to dubawar ake yi, domin da kansa zai rungumi fayil ɗin ya bi ofis-ofis har sai an gyara famfon da aka yi kuka a kansa. Injiniyoyin hukumar kan ce ya fi ciwon haƙori naci, wasu ma idan sun hango shi a baranda sai su shige banɗaki. Daga wannan aiki ya ɗauki wata aƙida wadda bai taɓa shakkarta ba, cewa takardar da aka buga wa hatimin karɓa ba ta mutuwa, kuma mai ita ya riga ya tsare haƙƙinsa. Mutum ne mai gaskiya, sai dai ya ɗauka kowane tebur akwai irinsa zaune a bayansa.

Aure da 'ya'ya

Ya yi aure a shekarar 1982 da 'yar wani kafinta maƙwabcinsu, mace mai fara'a da barkwanci, suka zauna shekara talatin da bakwai ba a ji kansu ba. An ruwaito cewa wata rana ta gan shi yana jera katin rigakafin yara cikin wata jakar fata, sai ta ce, "Maigida, ni ma ina da fayil a wurinka ke nan?" Ya ce, "Akwai, amma har yanzu ana kan bincike." Allah Ya albarkace su da 'ya'ya biyar tsakanin 1983 da 1997. Babbarsu mace ce, wadda ƙannenta ke kira Yaya, ita ce kuma ta fi kusa da shi.

Karaya da jinya

Ranar Litinin, 9 ga Maris, 2009, yana kan hanyarsa ta zuwa aiki a kan kekensa, tayar gaba ta faɗa ramin kwalta, ya faɗi ya karye a hannun dama tsakanin gwiwa da wuyan hannu. Aka kai shi babban asibitin garin, aka ɗauki hoton ƙashi, wani matashin likita ya gyara karayar ya sa masa siminti, aka kwantar da shi a ɗakin maza, gado na huɗu daga ƙofa.

Tun da la'asar ɗin ranar ya fara kukan cewa simintin ya matse shi. Kashegari yatsunsa suka kumbura suka yi sanyi, ciwon kuma ya wuce na karaya. Sau biyar maiɗakinsa tana zuwa teburin ma'aikatan jinya, amsar da ta fi samu ita ce, "Mama, karaya ce fa, dole ta yi ciwo. Ki ce ya yi haƙuri." Aka ƙara masa allurar kashe zafi, likita bai leƙo ba. Sai ranar Alhamis babban likitan ƙashi ya zo zagaye, ya taɓa yatsun, ya sa aka yanke simintin nan take. Jini ya daɗe da daina isa ga naman hannun. An yi masa aiki sau biyu, amma yatsun suka ƙanƙame cikin tafi, ba su sake buɗewa ba. A shekarar 2010 hukumar ruwa ta yi masa ritaya saboda rashin lafiya.

Shekarun wasiƙu

Ranar 6 ga Afrilu, 2009, kwana huɗu bayan sallamarsa, ya zaunar da Yaya, wadda a lokacin ta fara aikin koyarwa, ya yi mata shifta ta rubuta wa shugaban asibitin wasiƙa. Shafi uku ce, ba zagi ba ƙari. Ya kawo rana da sa'ar da aka sa simintin, da lokutan da aka kai kuka, da amsar da aka bayar, ya rufe da cewa ya tabbata sakacin ma'aikatan asibitin ne ya kashe masa hannu. Abu biyu ya nema, a amsa laifin a rubuce, a kuma biya shi diyyar da doka ta tanada. Da kansa ya kai ta, ya tsaya har aka buga wa kwafinsa hatimi.

Bayan kwana tara amsa ta zo cewa an karɓi takardarsa kuma an miƙa ta ga kwamiti. Ya yi murna ƙwarai, har ya yaba wa akawun asibitin da tsara wasiƙa. Daga nan ya koyi rubutu da hannun hagu, rubutun da shi kansa yake jin kunyar kallonsa, ya riƙa aika tuni duk bayan wata ɗaya ko biyu. Kowace wasiƙa tana samun amsa. Yau kwamiti bai cika ba, gobe shugabansa ya yi tafiya, jibi an canza shugaban asibiti sai sabon ya zauna. A wasiƙa ta huɗu ya nemi kwafin fayil ɗin jinyarsa, aka ce ana nemansa.

Yaya ta sha yi masa maganar lauya. A shekara ta biyu har da kukanta ta ce, "Baba, mutanen nan wasa suke yi da hankalinka. Mu je a kai su kotu kawai." Ya ce, "Ke yarinya ce. Ba a kai ƙarar wanda yake amsa maka wasiƙa. Takardata tana hannunsu tun watan farko, da lamba da hatimi. Ina za ta je?" Ba taurin kai ba ne kaɗai. Gani yake zuwa kotu alhali kwamiti na zaune cin fuska ne ga ma'aikata 'yan'uwansa, shi kuwa bai taɓa tsallake tebur ba a rayuwarsa.

Shari'a

A watan Satumba na 2012 asibitin ya daina amsawa, bayan wasiƙa ashirin da biyu. Sai a lokacin ya yarda Yaya ta kai shi wurin wata lauya mai taimaka wa marasa ƙarfi, a wani ofishi da ke saman shagon sayar da magani. Lauyar ta karanta fayil ɗin gaba ɗaya, ta ce ba ta taɓa ganin majinyacin da ya adana hujja kamarsa ba. Ta yi masa bayani cewa mai irin wannan ƙara sai ya tabbatar wa kotu asibiti ya karɓe shi kuma nauyin kula da shi ya hau kansu, sun gaza yin abin da kowane likita mai hankali zai yi, kuma gazawar ce ta jawo cutar, ba karayar ba. Duk yana da su. Fayil ɗin jinyar da aka hana shi ma haƙƙinsa ne, kotu na iya tilasta musu su fito da shi. Daga nan ta sake duba kwanan watan wasiƙar farko.

Ta ce, "Baba, doka ta ba ka shekara uku ka shigar da ƙara, daga ranar da ka san an cuce ka. Kuka ga asibiti ba ƙara ba ce. Hatiminsu ba ya tsayar da lissafin kwanakin nan, na kotu kaɗai ke tsayar da shi." Ya ce, "Amma ai sun ce suna dubawa." Ta ce, "Sun ce, Baba. Kai suke jira lokacinka ya ƙare."

Duk da haka ta shigar da ƙarar. Ta samo wani likitan ƙashi daga wani gari ya duba hannun ya rubuta rahoto, sa'annan ta kafa hujja cewa Akawu ba likita ba ne, don haka bai san tabbas sakaci ne ba sai da wannan rahoto ya fito, daga nan ya kamata a fara ƙidaya. Hujja ce mai ƙarfi, kuma da majinyacin wani ne marar tsari, da wataƙila ta tsaya. Lauyan asibiti bai musa komai ba game da simintin. Ya tashi ya miƙa wa kotu wasiƙar 6 ga Afrilu, 2009, ya karanta layin da Akawu ya ce ya tabbata sakaci ne, ya nuna kwanan watan da hatimin. Asibitin da ya ɓatar da fayil ɗin jinya bai ɓatar da wannan takarda ba.

Ranar Talata, 17 ga Yuni, 2014, alƙali ya kori ƙarar saboda an makara da wata biyar da 'yan kwanaki. Ya faɗa a fili cewa ransa bai so ba, amma doka ta ɗaure shi. Ba a kira shaida ko ɗaya ba, ba a kuma nemi Akawu ya cire hannun daga aljihun rigarsa ba.

Ƙarshen rayuwa

Shekaru biyar ɗin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗi. Ya sake rubuta wasiƙa biyar, ya janye maganar diyya, ya ce layi ɗaya kawai yake roƙo, a rubuta cewa an yi kuskure. Asibiti bai amsa ba. Hukumar da ke ladabtar da likitoci, wadda ita ma ya rubuta mata, ta amsa sau ɗaya, cewa likitan da ya sa masa simintin ya bar aiki ba a san inda yake ba, kuma ba ta iya zama ba tare da fayil ɗin jinya ba. Wasiƙa ta ashirin da bakwai ita ce ta ƙarshe, a watan Fabrairu na 2016.

Daga nan ya koma zama a kujerar roba a ƙofar gida, ya rage magana, ya daina karɓar takardun maƙwabta da a da yake gyara musu kyauta. Yaya kuwa ta ɗauki abin a ranta, tana cewa da hannunta ta rubuta layin da ya kayar da mahaifinta, shi kuma yana ce mata ita alƙalami ce kawai. Hawan jini ya kama shi, amma ya rantse ba zai sake taka asibiti ba, kuma duk lallashin maiɗakinsa bai sa ya sauya ba. Baƙin ciki ya ci shi a hankali, iyalinsa suna gani ba yadda za su yi.

Rasuwa

Ya rasu a gidansa da hantsin ranar Laraba, 6 ga Nuwamba, 2019, yana da shekara sittin da biyu, bayan jinyar shanyewar ɓarin jiki ta kwana goma sha ɗaya. An yi masa sutura aka kai shi makwancinsa a maƙabartar da ke gabas da layin dogo, tsofaffin abokan aikinsa na hukumar ruwa suna cikin waɗanda suka ɗauki gawar. Lokacin da babban ɗansa ya je asibitin nan neman takardar shaidar rasuwa, a yini ɗaya aka ba shi, da lamba da hatimi. Hawan jini aka rubuta a cikinta.

Ya rasu ya bar maiɗakinsa da 'ya'ya biyar: Yaya, malamar firamare, da babban ɗansa, direban motar haya, da mai bi masa, wadda ta gaji keken ɗinkin kakarta, da na huɗu, mai gyaran famfo, da Auta, wadda ta fara karatun aikin jinya ta bari a shekara ta biyu. Ya kuma bar jikoki tara. Cikinsu babu wanda yake riƙe da takarda guda da ke cewa an yi wa mahaifinsu ba daidai ba. Allah Ya ji ƙansa, Ya bi masa haƙƙinsa.