Hotona da Ɗiyata ta Fari

A gidanmu, in za a ɗauki hoto, shiri ake yi kamar za a je gaban alƙali. Tun muna Tsafe maigidana Malam ya saba mana da haka. Da muka komo Gusau, duk ƙaramar Salla sai ya kwashe mu zuwa shagon mai hoto, a jera mu gaban labule mai zanen bene, manya a baya, yara a gaba, kowa ya haɗe rai. Wanda ya yi dariya Malam ya harare shi. In ka duba hotunan nan yau sai ka ɗauka rasuwa aka faɗa mana.

Akwai abin da ban taɓa lura da shi a cikinsu ba, sai da ɗiyata ta fari ta nuna mini. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunanta, "ke" nake cewa, in ba ta nan in ce "waccan". Ba na zama kusa da ita gaban mutane. Haka na ga uwata ta yi wa yayana, ban kuma taɓa tambayar dalili ba. Da aka yaye ta ma kakarta ce ta tafi da ita 'Yankuzo, sai da ta isa shiga makaranta ta dawo hannuna. Saboda haka a kowane hoto, in ina wannan gefe, tana wancan.

Bara da kaka aka mayar da mijinta aiki can kudu, ita da yaranta biyu za su bi shi. Saura mako guda ta zo tana taya ni tsintar shinkafa, kanta a sunkuye, ta ce, "Inna, na duba hotunan gidan nan kaf, babu guda da kike kusa da ni. Guda ɗaya nake so in tafi da shi."

Na ce, "To, Allah ya kai mu." Na tashi na je duba tukunyar da ban ɗora ba.

Ta samo wata matashiya mai hoto wadda ba ta aiki a shago, a fili take ɗauka. Muka tafi gonar Malam a Bungudu bayan la'asar, inda mangwaro yake kusa da gulbi. Malam ya sha babbar riga, sitaci har tana ƙara. Muna sauka ya soma jera mu.

Mai hoto ta ce, "Baba, yau ba layi. A bar yaran su yi wasa."

"Wasa? To mi za ki ɗauka, ƙeyarsu?"

"Har da ita, Baba."

Jikana, ɗan shekara biyar, wanda nake kira angona, ya riga ya sha horon kakansa. Ya ƙame kamar soja, ciki a gaba, ido a zare. Mai hoto ta yi masa gwalo, ta yi kukan akuya, ko gezau. Na ce, "Angona, haka za ka tsaya ranar bikinmu? Na fasa." Ya ce ai ba a magana a hoto. Fara ce ta cece mu. Wata ta tashi daga cikin karan gero ta sauka a kan takalminsa, sai sojan ya watse, ya bi ta da gudu, ƙanwarsa 'yar shekara biyu tana binsa tana faɗuwa. Mai hoto ta bi su, ta durƙusa nan, ta kwanta can, kyamara tana ta ƙyas-ƙyas.

Malam ya ce, "Wanga hoto ne ko farauta?"

Bai rufe baki ba ƙaramar ta dawo ta kama rigarsa. Ya ɗauke ta, ta fizge hularsa, sanƙo ya fito fili, dariya ta kuɓuce masa. Ƙyas.

Ya ce wa mai hoto, "Ɗiyata, goge wannan."

"Baba, ai shi ya fi kyau."

Sai aka zo kaina. Aka shimfiɗa tabarma, ɗiyata ta zauna a tsakiya, ni na zauna a bakin baki. Mai hoto ta ce, "Hajiya, matso kusa da ita." Na matsa kamar faɗin yatsa. Ta ce in ƙara. Na ce rana tana dukan idona a can, alhali inuwa ce. Malam, da yake an gama da shi, ya sami bakin magana. "Kada ki wahalar da kanki. Shekara talatin ban ga sun haɗa tabarma ba, yau ma an ci gaba."

Mai hoto ta sauke kyamara ta ce, "Ni ma ta fari ce. Na san wanga aiki." Ba ta sake roƙona ba.

Ɗiyata ta yi murmushi ta ce, "Bar shi, ba komi. Na yaran sun isa." Da ta yi fushi da ya fi mini sauƙi. Na zauna ina kallon gulbi, ina jin nauyin jikina kamar an ɗaure ni da tabarmar.

Can sai ga yaran sun dawo, ƙarangiya ta manne musu tun daga wando har wuya. Ƙaramar tana kuka ta haye jikin uwarta, ta goga mata rabin ƙayar a mayafi. Na jawo angona ina cire masa, ina ce masa miji mai ƙaya ba ya shiga ɗakina. Da na gama na ɗaga kai, na ga uwarsu tana riƙe da yarinya da hannu guda, ɗayan tana lalube bayan kafaɗarta, ƙaya tana sukar yatsunta.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ce, "Ke, tsaya, kada ki motsa." Na matsa na soma cirewa ɗaya bayan ɗaya. Da na janye mayafin na ga wani tsohon tabo a bayan kunnenta.

"Wannan fa?"

"Tun 'Yankuzo, Inna. Daga kan jaki na faɗo."

Ban taɓa sani ba. Ƙarangiyar ta ƙare, amma hannuna bai bar kafaɗarta ba. Na ji ƙyas ɗin sarai, na ji na biyu. Da na so da na janye. Na dai kau da kai wajen gulbi, na bar hannun inda yake.

Ana gobe za su tafi ɗiyata ta kawo hoton an wanke. Ita tana dariya, yarinya da hawaye a kumatu, ni kuwa kamar ina neman wani a ƙetaren ruwa. Ta miƙo mini biro ta ce in rubuta mata wani abu a baya. A ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu, hannuna ba ya sauri. Na daɗe ina kallon farar takardar. Babu wanda ya taɓa ce mini kunyar ta kai ga biro, don haka na rubuta sunanta, baƙi bayan baƙi, na ƙara da "Allah ya tsare".

Malam ya leƙo ya ce, "Karanta mana mu ji mana."

Na ce idona ba ya gani sosai da yamma. Ita ta karɓa ta karanta a zuci, sannan ta sa shi a cikin jakar hannunta.